Keken Baba Sai da Turi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da Baba. Ni lafiya lau, sai dai aikin asibiti da ba ya barin mutum ya sarara, da ciwon bayan da nake fama da shi saboda ɗaga marasa lafiya. Ka gaida min mai shago, ka yi masa godiyar bencin da yake ba Baba.

Direba zai miƙa maka wani kwali mai nauyi tare da wannan takarda. Kada ka buɗe shi a gida, ka wuce da shi shagon waldarka. Ƙaramin inji ne irin wanda ake ɗaura wa keke, da tankinsa da kacarsa da salansar hayaƙinsa. A kasuwar kayan gyara ta bayan asibitinmu na saye shi.

Maganar da ka rubuto min kwanaki ce ta hana ni sukuni. Ka ce Baba ya daina zuwa rumfarsa ta gyaran agogo saboda gwiwoyinsa ba sa iya tuƙa keke a hawan kasuwa, kuma yanzu a bencin mai shago yake wuni, ba um ba um-um. Mutumin da kullum sai an roƙe shi ya rufe rumfa ya dawo gida! Wallahi da na karanta sai da na ajiye takardar na fita waje. In aka bar shi a bencin nan, zaman ne zai ƙarasa shi, ba gwiwa ba.

To ga shawarata. Ka ɗaura wa kekensa injin nan ya riƙa kai shi kasuwa. Amma kada ka faɗa masa tukuna, ka san halinsa, zai ce ƙafafunsa ba su mutu ba. Ka ce masa birki za ka gyara. Shi ya sa ma ban kira wayar mai shago ba, don a gindinta yake zaune, kuma mutumin da ke jin agogon da ya yi latti daga ɗaki na biyu ba a yi masa raɗa.

Kai ne mai walda, ni allura na sani. Ka yi yadda ka ga ya fi kyau.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki da kwalin, direba har da ƙorafin wai na karya masa ƙugu. Muna lafiya. Baba yana cin abinci, amma ba kamar da ba, gwiwar hagu kuma tana kumbura in ya daɗe a tsaye. Ki riƙa kula da bayanki, ki bar ɗaga ƙattin mutane ke kaɗai, ba ke kika ɗora musu ƙiba ba.

Na karɓo keken. Da na ce masa birki, sai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Keken da ba ya tafiya me zai yi da birki?" Na ce ai saboda gaba. Ya tashi da kyar ya fito da shi daga zaure, ya goge sirdin da hannun rigarsa, ya ce, "To na baya kawai. Kada ka taɓa min ƙararrawa." Na tuna dalilinmu mai kyau ne, na gangaro da shi shago.

Yaya, injin nan lafiyayye ne. Na gwada shi a kan tebur, ya ɗauka, maƙwabcina mai gyaran takalma ya fito da gudu yana tsammanin gobara. Sai dai tankin da ya zo da shi abin kunya ne, kamar buta. Ba zan ɗora wa keken Baba buta ba.

Kin tuna tsohon hoton kalandar nan da na manna a bangon shagona, na babur irin na zamanin kakanni? Dogon tanki siriri a rataye ƙarƙashin sandar sama, kai mai lanƙwasa ƙasa, sirdin fata ja, fitila mai zagaye. Tun ina koyon aiki nake kallonsa. Da na jingina keken Baba ƙarƙashin hoton, sai na ga ashe jikinsu ɗaya, ƙarfe irin na da, mai nauyi, ba irin gwangwanin yanzu ba. Tunda kin ce in yi yadda na ga ya fi kyau, to haka zan mayar da shi. Na fara buga tankin da hannuna daga fallen ƙarfe, ina ɗumama shi ina lallashi da guduma. Zan ɗaga sandar sama kaɗan don tanki ya samu wuri, in rage duk wani tarkacen da ya yi wa keken yawa, in yi masa baƙin fenti da siririn layi ruwan zinare. Ranar da Baba zai hau kasuwa a kansa, har masu motoci sai sun waiwaya.

Ki taimaka ki nemo min fitila mai zagaye da fatar sirdi a kasuwarku, nan babu.

Af, direba ya ce a garinku akwai wani mai gareji da ke tayar da tsofaffin babura, wai yana neman mai hannu. Hira ce kawai ta kawo, na ce bari in faɗa miki.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Gwiwar da ke kumbura, ka riƙa sa masa tawul mai ɗumi, kuma ya ɗaga ƙafar in ya zauna. Bayana da sauƙi.

A tsaye nake rubuta wannan don direba yana shirin tashi. Takardarka ta ba ni dariya, amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, inda ka ce za ka rage tarkace. Wane tarkacen? Inji na ce ka sa, ban ce ka haifo sabon keke ba.

Don Allah duk abin da za ka taɓa, kada ka taɓa kariyar baya, ƙarfen nan da ake goyo a kai. A kanta Baba ya riƙa ɗaukar Inna, kasuwa da asibiti da gidan 'yan uwa, har ciwonta na ƙarshe. Tsumman da ke naɗe a gefen ƙarfen ba na goge-goge ba ne. Gefen zaninta ne, ita ta yaga ta naɗe wurin a gabana tun kana ƙarami, saboda ƙarfen yana cizon tufafinta. Zuwana na ƙarshe, lokacin rasuwarta, na lura Baba ba ya hawa keken sai ya fara dafa wurin da hannu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ma bai san na gani ba.

Fentin ma ka yi a hankali. Ya gane kekensa in ya gani.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ina sa wa Baba tawul ɗin, ya ce yana jin daɗinsa. Ni ma lafiya, in ban da abin da ke cikin wannan takarda.

Motar direba ta lalace a hanya, ta kwashe kwanaki a hannun kanikawa, takardarki kuma tana aljihunsa. Ko da ta iso ni, aikin gama ya riga ya gama. Na cire kariyar. Kusoshinta sun yi tsatsa sun ƙi kwancewa, sai na sa injin yanka na datse ta, na wurga kan tulin ƙarafa a bayan shago. Tsumman nan na gan shi, Yaya. Na ma ga tartsatsi ya kama gefensa, na kashe da tafin hannu ina tsaki, ina cewa tsoho da ajiye datti. Da na karanta layinki sai na zauna a kan bokitin fenti.

Na zaga baya da gudu, na tarar mai sayen ƙarafa ya riga ya kwashe tulin. Na bi shi har filinsa a bayan gari, na shiga tonon tarkace kamar kaza, yana tsaye yana min dariya wai ko zinare na jefar. Na same ta ƙarƙashin wani tsohon gado. Ta ɗan lanƙwashe, tsumman yana nan, amma gefe ɗaya ya ƙone ya yi baƙi.

Ba kariyar kaɗai ba. Sandar sama ma na yanke ta na ɗaga, na sauya kan keken, tsohon fentin na kankare shi tas. Ba abin da zai koma yadda yake.

Zan faɗa miki gaskiyar abin da ke raina ko da za ki zage ni. Na gwada ɗora kariyar a bayan keken yadda yake yanzu, sai ta ɓata shi gaba ɗaya. Baburan hoton nan ba su da kariya. Na naɗe ta a buhu na ajiye ƙarƙashin tebur, na ce in Baba ya tambaya sai in fito da ita in ba shi ya adana a ɗaki, ai ta ma fi tsira a can daga ruwa da rana. Na san ina yi wa kaina wayo ne, amma haka na yi.

Jiya kuma Baba ya zo shagon da kansa, da sanda, yana tafe yana hutawa. Allah ya sa na hango shi daga nesa na ja tamfol na rufe keken. Ya zauna yana haki, na ba shi ruwa. Na ce masa robar birki irin ta da ce ta yi wuyar samu, ke nake jira ki aiko. Na sa ki cikin ƙaryar, ki yafe ni. Idonsa yana kan teburina. Ashe na manta ƙararrawar a can, a kwance cikin kusoshi. Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya kaɗa ta, ya saurara kamar yadda yake sauraron agogo, sannan ya jefa ta aljihu. Da zai tafi ya dubi tamfol ɗin, ya ce, "Birkin nan ya yi nisa." Na raka shi gida.

Ki rubuto min ko zagi ne.

Auta.

*

Auta,

Salam. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Na ga takardarka. Ga fitilar da fatar. Ka ƙarasa ka kai masa.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Jikin Baba da sauƙi, gwiwar hannunsa ce ta ɗan kuje, na wanke na sa magani, kuma ba karaya. Na fara da wannan don kada ki tsorata da abin da zai biyo baya.

Takardarki ta iso, na juya bayanta ina neman saura. Ko gaisuwar mai shago babu. Na gane kin yi fushin da ya wuce zagi, kuma kina da gaskiya. Na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa, shi ya sa kika ji ni shiru tsawon wannan lokaci.

Na ƙarasa keken. Ba zan ɓoye miki ba, ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Tankin ya zauna kamar a can aka haife shi, fitilarki ta dace, fatar sirdin tana ƙamshi. Da safe na turo shi har ƙofar mai shago, mutanen layi suka taru, wani na shafa tanki, wani na tambayar daga wace ƙasa aka kawo. Kaina ya yi girma, Yaya, har na manta da buhun da ke ƙarƙashin tebur.

Baba ya tashi daga benci, ya zagaya keken a hankali. Ya ce, "Ya yi kyau." Sannan ya ce, "Na wa ne?"

Aka yi dariya, ana tsammanin wasa yake. Na ce, "Naka ne, Baba. Yaya ce ta aiko da inji don ka koma rumfa." Ya gyaɗa kai. Mai shago ya shiga zuga shi, mutane suna a hau, a hau. Kin san ba ya son a ga gazawarsa. Ya ba ni sandarsa, ya kama kan keken da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya miƙa baya zai dafa. Hannun ya sauka a iska. Ya tsaya haka ɗan lokaci, yana kallon tayar baya tsirara. Ba wanda ya lura sai ni, don ke kin riga kin buɗe min ido.

Sai hawa. Sandar keken da na ɗaga saboda tanki ta fi ƙarfin ƙafarsa, sai da ni da mai shago muka ɗaga masa ƙafar kamar kayan wani. Kan keken da na lanƙwasa ƙasa ya sa shi duƙawa kamar mai neman allura. Duk wannan da sauƙi. Injin nan ba ya tashi sai an tuƙa feda da ƙarfi keken ya ɗauki gudu, sannan a saki kuloci. Ni da nake gwadawa kullum ban taɓa kawo komai a raina ba, don gwiwoyina lafiya lau suke. Mun ɗauko inji saboda mutum ba ya iya tuƙi, ga shi injin ba ya tashi sai da tuƙi.

Ya taka, ya sake takawa, gwiwar hagu ta ƙi. Keken ya karkata.

Yaya, ga abin da ya hana ni rubutu. Da keken ya tafi zai faɗi, tankin na tare. Hannuwana biyu a kan tanki suka sauka, kada fenti ya kuje. Mai shago ne ya tare Baba, shi ma bai kai ga hana gwiwar hannunsa gogar ƙasa ba. Na ɗago kai muka haɗa ido da Baba, ina rungume da ƙarfe. Ya karɓi sandarsa, ya ce wa mutane, "Ku yi haƙuri, mahayin ne ya tsufa." Ya shige gida. Tun ranar ko bencin ma ya daina fita.

Sauran kuma ki ji shi daga bakina kafin direba ya faɗa miki. Kafin in kai wa Baba keken, sai da na fara kai shi wurin mai hoto, na ba direba hoton ya kai wa mai garejin nan na garinku. Ba hira ce kawai ta kawo maganar ba. Tun ranar da na fara buga tankin, shi nake yi wa aiki a zuciyata. Ban taɓa auna ƙafar Baba ba, ban auna bayansa ba. Keken mahaifina na yanka na yi tallar hannuna da shi, shi kuwa yana gida yana jiran birki. Kunyar kaina nake ji, ko abinci in na kai masa ajiyewa nake in fito da sauri.

Auta.

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kujewar ta warke. Ka bar wurin a buɗe ya sha iska, in ka ga ja yana yaɗuwa ka kai shi a duba. Ni lafiya, bayan ma ya lafa. Ka gaida mai shago, ka ce Allah ya saka masa da ya tare mana uba.

Ka karanta gajeriyar takardata ba daidai ba. Ba fushi ba ne. Da na karanta yadda Baba ya ɗauki ƙararrawarsa ya sa aljihu, na zauna zan rubuto maka faɗa, sai na ga ba ni da bakin yi. Wa ya ce a yi masa ƙaryar birki? Ni ce. Na rasa abin rubutawa, na sa layi biyu na rufe.

Tunda ka buɗe cikinka, ga nawa. A makon da na sayi injin nan an ba ni hutu. Na riga na fara haɗa kaya, sai na tuna zan shiga gidan nan in tarar babu Inna a tsakar gida, sai na mayar da hutun na ce aiki ya yi yawa. Daga ofis na wuce kasuwa na sayi inji, don in samu abin da zan aiko a madadina. Mai kayan har ya tambaye ni wa zai hau, yaro ko babba, ya ce akwai wani iri da ake tayarwa da igiya, sai dai in dawo washegari. Ina saurin komawa aiki na ce ya ba ni wanda ke kusa. Ni da nake wuni cikin masu ciwon gwiwa! Kai tanki ka tare, ni ko wurin ma ba na nan.

Na koma wurinsa. Ƙaramin kwalin da direba zai ba ka, abin tayarwa ne mai igiya, ya ce zai shiga injin namu, ja ɗaya ya ɗauka, ba sai an taka feda ba.

Sai kuma amanar da ba zan ci ba. Mai garejin ya ga hoton, ya aiko yaronsa har asibiti nemana. Ya ce in hannunka ne ya buga tankin nan, ka zo da keken ya gani, aiki yana jiranka. Na so in yi shiru da maganar, amma yin shiru ne ya kawo mu nan. Ba zan ce ka zo ba, ba zan ce kada ka zo ba. Ni da na kasa dawowa ba ni zan ɗaure ka ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau. Kujewar ta bushe, Baba yana cin abinci har yana neman ƙari, kuma ya dawo da faɗansa, jiya ma sai da na sha shi a kan ƙarar ƙofa. Na ji daɗin takardarki fiye da yadda zan iya rubutawa. Ashe mu biyu muke ta ɓuya, kowa a kusurwarsa.

Tun kafin kwalinki ya iso na shiga ɗakin Baba na durƙusa, na ajiye buhun a gabansa, na faɗa masa komai, har hoton. Ya buɗe buhun, ya daɗe yana kallon kariyar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gobe ka zo ka raka ni shagon naka."

Ya zauna a kan kujerata, ni ina tsaye da injin yanka. Na cire tankin da na buga, na datse sandar sama, ban san yanka aikin kai yana da zafi haka ba. Baba ya tashi ya ɗaga ƙafarsa iya inda take iya kaiwa, ya ce in sa alli a bango. A daidai nan na sauke sandar, dab da kan inji. Ya leƙa ya ce, "Wato keken mata ka mayar min." Na ce, "Baba, ko in ɗaga?" Ya ce, "Wa ya ce ka ɗaga? Mata sun fi mu wayo tun da can."

Na mayar da tsohon kan keken, Allah ya sa ban jefar ba. Butar nan da na raina ita na ɗaure a gaba, saman taya. Na miƙe kariyar na yi mata walda, bayan ya kwance tsumman da kansa ya riƙe a hannu har ƙarfen ya huce. Shi ya sake naɗawa da yatsun nan nasa na agogo, ya tura gefen da ya ƙone ciki yadda ba a gani. Sannan ya zaro ƙararrawar daga aljihu ya ɗaura. Keken yanzu ba kyan gani, Yaya, fenti uku ne a jikinsa, mai gyaran takalma ya ce kamar an haɗa shi cikin duhu. Amma Baba ya hau ba tare da kowa ya taɓa masa ƙafa ba, kuma sai da ya dafa baya tukuna.

Saura tayar da inji. Na ce ya ɗora ƙafafunsa a feda kawai ya riƙe kuloci, ni zan tura. Na kama kariyar na ruga da shi cikin layi, na ce, "Saki!" Injin ya yi tari, ya ɗauka, kariyar ta fizge daga hannuna. Na tsaya ina haki a tsakiyar titi ina kallonsa yana hawan kasuwa, rigarsa ta cika da iska, yana ta kaɗa ƙararrawa alhali ba kowa a gabansa. A layin nan ya koya min keke, shi ke riƙe da kariyar nan yana gudu a bayana, yana min tsawa kada in waiwaya. Shi ma bai waiwaya ba. Dawowa kuwa gangara ce, keken da kansa yake tayar da injin. Ya buɗe rumfa, tsofaffin abokan cinikinsa sun fara kawo matattun agogunansu.

Da abin igiyarki ya iso na kai masa da murna, na ce an huta da turi. Ya sa gilashin aikinsa a ido, ya juya shi, ya ce, "Kayan banza ne, igiyar za ta tsinke." Yaya, ba abin da ya samu igiyar, na duba da kaina. Ya jefa kwalin cikin aljihun teburin da yake ajiye agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, ya kulle. Ya ce, "Ina da abin tayarwa, a gidana ma yake cin abinci." Sai can da muna shan shayi, ba tare da ya dube ni ba, ya ce makullin yana rataye bayan ƙofa, duk ranar da na tashi tafiya wurin mai gareji in ɗauka in ɗaura masa abin igiyar, ba zai riƙe ni ba.

Na ce wa direba ya gaya wa mai garejin keken da ke cikin hoton babu shi yanzu, in yana da haƙuri wata rana zan buga masa wani. Tankin yana rataye a bango kusa da kalandar, in na kalle shi raina yana ɗan sosuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Makullin kuma kullum ina wuce shi a bayan ƙofa.

Kada ki sake aiko da komai, keken ba ya bukatar ƙari. Shekaranjiya da na kama kariyar zan tura, Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Bayan nan ya yi sauƙi da yawa, keke ba ya zama daidai in ba kowa a kai. Yayarka har yanzu tana tsoron gangara?" Na ce ban sani ba, sai dai in tambaya.

To na tambaya. Ki karɓo hutun nan, Yaya. Ni zan tura ku.

Ƙaninki, Auta.